Ƙafar Farko a Gidan Khiem

Shekara uku Tsanko Velchev ya yi yana koyar da Turanci a birnin Nam Dinh, kuma a cikin shekara ukun nan ba a taɓa kiransa ofishin Maigida Khiem an ba shi kujera ba sai ranar. Kullum a tsaye ake sallamarsa. Ranar kuwa har da shayi, har da soyayyun 'ya'yan kabewa a faranti. Shi ya sa ya tsargu tun kafin ya zauna, don a saninsa ba a ba mutum shayi a ofishin nan sai in za a kore shi.

Korar kuwa ta daɗe tana yi masa shawagi a ka. Takardar izinin aikinsa za ta ƙare mako biyu bayan bikin Tet, wato sabuwar shekarar ƙasar, kuma ba za a sabunta ta ba sai Maigida Khiem, mai makarantar, ya sa hannu. Wata biyu ke nan takardar tana kwance a kan teburin, an ma ɗora mata tukunyar fure. In ba a sa hannun ba, sai Tsanko ya tattara komatsansa ya koma garinsu Yambol a ƙasar Bulgeriya, inda kawunsa ya riga ya ajiye masa gurbi a shagon facin taya. Dalilin jan ƙafar ba ɓoyayye ba ne. An kawo sabon malami, wani Fergus daga garin Dundee, inda Turanci ne harshen uwa, mai irin fasfon da iyayen yara ke son gani, kuma makarantar ba za ta iya riƙe Turawa biyu ba. Turancin Fergus kuwa, tsakani da Allah, ko Tsanko mai digiri a harshen sai ya ce masa "Me ka ce?" sau biyu kafin ya kama. Yara ba sa gane ko kalma ɗaya. Iyayensu kuwa cewa suke ai na asalin ke nan, shi ya sa yake da wuya.

"Malam Tsanko," in ji Maigida Khiem, yana washe baki, "a wace shekara aka haife ka?"

"Alif ɗari tara da casa'in, ranka ya daɗe."

"Yauwa! Haka na gani a fayil ɗinka. Doki!" Ya buga tebur har shayin ya fantsalo. "Ka san a nan kowace shekara da dabbarta. Ni Damisa ne, shekarar da za ta kama kuma ta Kare ce. Mai duban mahaifiyata ya ce wanda zai fara sa ƙafa a gidana ranar sabuwar shekara dole ya zama haifaffen shekarar Doki. Kuma ya zama ƙato, mai fara'a, mai ci da yawa, wanda ba a yi masa rasuwa bana ba. Da na ji haka sai na ce wannan ai Malam Tsanko aka siffanta, musamman wajen cin."

Tsanko ya yi dariyar da ake yi wa mai gida.

"Kada ka ɗauka wasa ne. Bara ƙanin matata ne ya faɗo mana da sassafe ba a gayyace shi ba, wai ya zo aron cajar waya. Cajar waya fa! Ka san abin da ya biyo baya? Mahaifiyata ta zame a banɗaki ta karye a ƙugu. Aka sace mini babur a ƙofar banki. 'Yata ta faɗi jarrabawa. Kifayen da nake kiwo a kan rufi suka wayi gari ciki a sama, duka goma sha ɗaya. Har yau in ya zo, a titi muke gaisawa."

Ya ɗan matsar da tukunyar furen da yatsa, yadda gefen takardar zai leƙo.

"In shekara ta buɗe da kyau, Malam, hannuna ma sai ya ji sauƙin motsi."

Tsanko ya fito daga ofishin kamar ya taka rawa. Ashe abin da digiri da shekara uku na waƙar "kai, kafaɗa, gwiwa" da 'yan shekara biyar ba su yi masa ba, ƙafarsa ta dama za ta yi masa a cikin daƙiƙa ɗaya. A ranar ya shiga kasuwa neman jar riga. Duk kasuwar babu wadda ta shige shi, sai da wani tela ya haɗa biyu ya ɗinka masa ɗaya. Ya sayi jajayen ambulan na rabon goron sabuwar shekara ya zuba sababbin takardun kuɗin dong masu ƙamshin banki. Ya sa Diep, sakatariyar makarantar, ta rubuta masa gaisuwar da zai yi, ya dinga haddace ta a kan babur, a banɗaki, har a gaban mai sayar da miyar taliya, wadda ta ji daɗin addu'ar ta ƙara masa nama.

Ana saura kwana biyu Tet, ana share-sharen rufe makaranta, Diep ta kira shi gefe. Tana riƙe da kwafin fasfonsa, fuskarta kamar ta ga ƙadangare a tukunyar miya.

"Yaya Tsanko, wannan ranar haihuwar taka daidai ce? Ashirin ga Janairu?"

"Daidai take, ƙanwata. An yi dusar ƙanƙara ranar har sai da aka kai mahaifiyata asibiti a tarakta."

Ta ciro waya ta buɗe kalandar wata, ta yi ta gungurawa baya, sannan ta juyo masa da ita.

"A shekarar, Tet ya faɗo ne ranar ashirin da bakwai ga Janairu. Ka riga Doki isowa da kwana bakwai. Kai Maciji ne."

"Wane irin maciji?"

"Maciji dai. Kuma duk cikin dabbobi goma sha biyun nan, Damisa ba ta da abokin gaba kamar Maciji. In ka fara shiga gidan nan, gara ƙanin matarsa sau goma."

"Haba, ƙanwata! Kwana bakwai kacal? Ai likita ma cewa ya yi sai ƙarshen wata zan zo, ni ne na yi gaggawa!"

"To, ka ga amfanin gaggawa."

"Ba za a iya yi mini rangwame ba? A ce rabin doki?"

"Ba tumatir kake saye ba, Yaya." Ta waiga ta rage murya. "Maigida shekarar kawai ya duba, bai kula da watan ba. Ni kuma ban ga komai ba, ka ji? Na riga na sa takardarka a jakarsa, zai tafi da ita gida. Ka shiga, ka yi gaisuwarka, ka fito. Ai dama kai ne na biyu. Fergus aka fara tambaya, shekararku ɗaya amma shi haifaffen Yuli ne, Doki na gaske. Ya ce zai tafi bakin teku hutu, shi ya sa aka dawo kanka."

Wannan "na biyu" ta yi masa ciwo fiye da macijin. Kuma ya san abin da Diep ba ta sani ba, don gida ɗaya suke haya da Fergus. Fergus bai je ko'ina ba. Ya bari sai ana saura kwana uku Tet ya je neman tikitin jirgin ƙasa, mai sayar da tikitin ta yi masa dariya har sai da ta share hawaye.

Kwana biyu Tsanko yana shari'a da kansa. Shi fa mai ilimi ne. Ina ruwan ƙafar mutum da kifin da ke kan rufi? Kifi in ba a canza masa ruwa ba ai mutuwa zai yi, ko wa ya shigo. Da ya kai nan sai ya ji ya yi nasara. Sai kuma kakarsa Nedyalka ta faɗo masa a rai, ta rushe komai. Don su ma a Yambol suna da irin ranar, ana saura kwana biyar Kirsimeti, ranar da ake lura da wanda ya fara shigowa gida. Shekarar da maƙwabcinsu Gencho ya fara shigowa, kaji suka daina ƙwai, kuma har tsohuwar ta koma ga Mahaliccinta ba ta sake amsa gaisuwar Gencho ba. Daga shekarar, Tsanko take sawa a fitar ta taga da asuba, ya zagayo ya shigo ta ƙofa, ta zaunar da shi a kan ciyawa ya yi ta kukan kaza don kaji su yi kwanci. Ya yi wannan aikin har ya fara gemu. Bai taɓa yarda da abin ba, amma bai manta yadda take haɗa hannuwa a ƙirji tana kallon ƙafarsa ba, kamar duk arzikin shekara a tafin ƙafar yake.

Ya ce a ransa, kaka ta mutu, shagon taya kuwa yana nan da ransa. Zai shiga.

Ranar Tet gari ya waye da yayyafi da sanyi. Titunan da kullum babura ke cinkoso a kai sun zama fayau, sai ƙamshin turaren tsinke ke fitowa ta ƙarƙashin ƙofofi. Mai duba ya ce sa'ar alheri daga ƙarfe bakwai ne zuwa tara. Bakwai da minti ashirin Tsanko ya faka babur a ƙofar siririn gidan Maigida Khiem mai hawa huɗu, sanye da jar rigarsa, aljihu cike da ambulan.

Aka zuge ƙofar ƙarfe. Ga iyalin nan a jere a falo, ba wanda ya leƙa waje tun jiya. Maigida Khiem cikin kwat, matarsa cikin doguwar riga ruwan hoda, 'yarsu riƙe da waya za ta ɗauki bidiyo. A tsakiya, a kan kujerar katako, ga mahaifiyarsa Kaka Sen, 'yar mitsitsiyar tsohuwa cikin baƙin karan-miski, sandarta jingine da ƙugun da ya karye bara.

"Bismillah, Malam, shigo!" in ji Maigida Khiem. "Da dama fa!"

Tsanko ya cire takalma ya jera su. Ya gyara murya. Ya ɗaga ƙafar dama, girmanta kamar faranti, cikin sabuwar safa. Sai ya yi kuskuren ɗaga ido. Kaka Sen ta haɗa hannuwa biyu a ƙirji, idonta ƙur a kan ƙafar, leɓɓanta suna motsi. Tsoro take ji, tsoro na gaske, irin na wadda ta yi wata huɗu a kwance tana kallon rufi, tana roƙon kada a sake.

Ƙafar ta tsaya a sama. Ta ƙi gaba, ta ƙi baya.

"Shigo mana," in ji Maigida Khiem.

Tsanko yana tsaye a kan ƙafa ɗaya kamar zalɓe a bakin fadama.

"Malam, lafiya? Jijiya ce ta riƙe?"

"Ranka ya daɗe," in ji Tsanko, muryarsa ta zama 'yar siririya, "ni Maciji ne."

"Me?"

"A Janairu aka haife ni. Kwana bakwai kafin Tet. Na yi gaggawa."

Falon ya kaure da ihu.

"Kada ka sauke ta!" Maigida Khiem ya ƙwala ihu.

"To ina zan kai ta?"

"Baya! Mayar da ita baya!"

Matar gidan ta yi tsalle ta finciko ƙofar ƙarfen. Tsanko ya ja da baya a kan ƙafa ɗaya, ya yi tangal-tangal, ya zauna daɓas a cikin tukunyar bishiyar lemon da aka ajiye a ƙofa don ado. Lemo suka watse a titi. Daga ciki ya ji an kaure da gardama ta tsakanin sandunan ƙofar. Matar ta rantse ta ga babban yatsansa ya tsallake dokin ƙofa. Maigida ya ce safa ce ta tsallake, ba yatsa ba. Aka karɓi wayar yarinyar aka maimaita bidiyon sau huɗu, ana tsayar da shi ana buɗa hoton. A ƙarshe Kaka Sen ta buga sanda a ƙasa ta yanke hukunci: ƙafar da ba ta taɓa ƙasa ba, ba ta shigo ba.

Aka sauke ajiyar zuciya, amma ba ta daɗe ba. Ƙarfe takwas saura kwata, ga gida babu Doki. Ba wanda zai iya fita nema, don duk wanda ya fita ya dawo shi ne ya fara shiga. Maigida Khiem ya hau kiran waya. Duk Dokin da ya sani an riga an kama shi tun watan jiya. Ɗaya yana da gidaje uku da zai shiga kafin tara. Ɗaya surukarsa ta rasu bana. Ɗaya ya ɗauki waya ya ce zai zo da yamma, Maigida ya ce masa ya riƙe yammarsa. Zufa ta jiƙa masa kwala duk da sanyin. Kaka Sen ta kwance hannuwanta daga ƙirji ta ajiye su a cinya, tana kallon agogon bango.

Tsanko yana tsaye a yayyafi, ƙasar tukunya a bayan wandonsa. Ya san inda Doki yake kwance. Ya kuma san sarai abin da zai faru in ya kawo shi: wanda ya buɗe wa mutum shekara ba a korarsa a cikin shekarar. Zai je da babur ɗinsa, da man da ya saya da kuɗinsa, ya ɗauko wanda zai gaje shi. Kai, ya tsine wa Yambol da kajinta a ransa.

"Ranka ya daɗe," ya ce ta tsakanin sanduna, "kada kowa ya motsa. Ina zuwa."

Ya tarar da Fergus yadda ya zata, rub da ciki a kan katifa, da takalmi ɗaya a ƙafa. Jiya mai gidan hayarsu ya yi walimar rufe shekara, ya dinga ɗura masa giyar shinkafa yana cewa ai ruwa ce. Sanye yake da baƙar riga mai hoton ƙoƙon kan mutum. Ranar sabuwar shekara, baƙar riga, da ƙoƙon kai!

"Tashi, ɗan'uwa. Tashi, kai Doki ne."

Fergus ya buɗe ido ɗaya ya faɗi wata doguwar magana.

"Me ka ce?"

Ya maimaita.

"Ko me ka ce, amsar ita ce a'a. Ɗaga hannu."

Ya tuɓe masa baƙar rigar, ya cire tasa ja ya zura masa. Ta sauko wa Fergus har gwiwa, don shi siriri ne kamar sandar rake. Ya wanke masa fuska da ruwan sanyi, ya cusa masa ɓawon lemo a baki don kashe warin giya, ya tura masa ambulan ɗin a aljihu. Ya kinkime shi ya ɗora a bayan babur, ya ɗaure shi a jikinsa da igiyar shanya don kada ya sulale. Haka suka ratsa birnin, ƙaton Bature cikin singileti goye da wani Baturen cikin jar riga. Mutanen da ke leƙowa ta taga suka kira iyalansu su zo su gani.

A hanya Tsanko ya yi ƙoƙarin koya masa gaisuwar.

"Ka ce, ina yi wa Kaka fatan shekara ɗari."

Fergus ya yi wani gurnani.

"Shekara bakwai kake da satifiket ɗin koyar da harshe, kalma shida sun gagare ka? To yi murmushi kawai. Murmushi na ce, ba ciwon haƙori ba!"

Tara saura minti takwas suka iso. Aka zuge ƙofa. Tsanko ya kwance igiya, ya tsayar da Fergus a bakin ƙofa, ya cire masa takalmin nan ɗaya. Fergus ya ga mutane a jere suna kallonsa, ya ɗaga ƙafar hagu cikin ladabi.

Gidan gaba ɗaya ya kurma ihu.

Tsanko ya durƙusa a cikin ruwa, ya danne hagun da hannu ɗaya, ya kama daman da ɗaya hannun, ya ɗaga ta, ya turo ta gaba yana kiyaye kada ko farcensa ya wuce dokin ƙofa. Tafin ƙafar Fergus ya sauka a kan tayil ɗin falo. Agogo ya nuna saura minti shida.

"Ina yi wa Kaka fatan shekara ɗari," Tsanko ya raɗa daga waje.

Fergus ya maimaita da harshen Dundee. Abin da ya fito daga bakinsa babu yaren da zai amsa nasa ne.

"Ina yi wa Maigida fatan kasuwa ta ninka sau goma."

Fergus ya sake sakin wani abu makamancin na farko.

"Ikon Allah," in ji matar gidan, idonta ya kawo ruwa, "ka ji na asali."

Aka rufe Fergus da tafi. Maigida Khiem ya rungume shi yana kiransa ɗan'uwa. Aka zaunar da shi a babbar kujera, aka yanko masa ƙunshin shinkafa mai danƙo, aka cika masa ɗan kofi da giyar da ta kwantar da shi jiya. Ya raba ambulan ɗin Tsanko ɗaya bayan ɗaya ana yi masa godiya. Ba wanda ya waiwayi ƙofa.

Tsanko ya miƙe daga durƙuson, gwiwoyinsa sharkaf. Baƙin ciki ya kama shi, ba don Fergus ba, don yaran ajinsa na ranar Asabar da ba zai sake jin suna kiransa Malam Beyar saboda girman jikinsa ba, da mai miyar taliya, da wannan garin mai yayyafi da ya saba da shi bai sani ba. Ya sunkuya ya fara sa takalmi.

Ƙwan! Ƙwan! Sanda ta bugi tayil.

"Kai, Maciji," in ji Kaka Sen. "Matso nan bakin ƙofa in gan ka."

Ya matso da takalmi ɗaya a hannu.

"Ba wanda ya sani. Da ka shigo, da yanzu kai ne a kujerar can kana cin shinkafata. Me ya hana ka?"

"Kaka, ina da kaka a garinmu. Ta rasu. Ita ma haka take haɗa hannu."

"A ƙasarku ma ana duba ƙafa?"

"Ana dubawa. Har kukan kaza nake yi mata."

"Ashe dai kuna da hankali a can." Ta ɗaga hannun hagu, ta fara bin gaɓoɓin yatsunta da babban yatsa tana ƙirge. "Bana Kare. Baɗi Alade, ba ka da amfani. Sai Ɓera, nan ma ba ka da amfani. Sai Ɓauna." Ta tsaya a kan gaɓar. "Ni Zakara ce. A shekarar Ɓauna zan koma gidana na ƙauye, in an gama gyaran da wannan yaron yake ta ja mini. Can ni ce mai gida, ba Damisa ba. Zakara a shekarar Ɓauna, Maciji take nema ya fara shiga mata gida. Ƙato, mai ci."

"Inna," in ji Maigida Khiem, "ai macizai sun cika gari."

"Sun cika gari, amma wa ya san su? Yanzu duk wanda ka tambaya shekararsa sai ya fara tambayarka wacce kake nema. Wannan kuwa na ji da kunnena, ya faɗa a lokacin da faɗar ba ta yi masa rana ba. Nawa ne. Ka ajiye mini shi."

"Inna, makarantar ba za ta iya ɗaukar biyu ba. Kuma Malam Fergus yanzu..."

"Dokin naka ne, ba ya koruwa bana. Macijin nawa ne. Yadda za ka yi da su ruwanka, ka rage kiwon kifi a kan rufi."

Maigida Khiem ya buɗe baki, sai matarsa ta taka masa ƙafa. Yau ɗaya ga wata. Wanda ya yi musu yau zai shekara yana musu, balle da uwarsa, a gaban teburin tunawa da kakanni, turare yana ci. Ya haɗiye maganar, ya maye gurbinta da wani murmushi mai ban tausayi.

"Ka buɗe alƙalaminka, ka yi rubutun farko na bana?" in ji tsohuwar.

"Tukuna, Inna. Na shirya zan rubuta baitin fatan alheri a jar takarda."

"Baitinka na bara ne ya hana ni zamewa? Ɗauko takardar bawan Allah nan, na san tana jakarka."

Aka ɗauko jaka. Takardar ta fito da zagayen gindin tukunyar fure a tsakiyarta. Maigida Khiem ya ɗora ta a kan tebur kusa da farantin 'ya'yan itace, ya sa hannu yana murmushi, haƙoransa a datse. Fergus, da bai san abin da ake ciki ba, ya ga an yi shiru sai ya tafa.

"To shigo mana, ka tsaya kana jiƙa kamar kazar da aka manta a waje," in ji Kaka Sen. "Na biyu ba ya da laifi."

Tsanko ya ajiye takalmin, ya shigo da safarsa jiƙaƙƙiya, yana barin sawu a kan tayil. Ya durƙusa a gaban kujerarta, a hakan ma ya fi ta tsawo. Ya yi mata gaisuwar da ya kwana bakwai yana haddacewa, tiryan-tiryan, babu tuntuɓe ko ɗaya. Ta saurara har ƙarshe, ta zaro jar ambulan daga hannun rigarta ta cusa masa a wuyan singileti.

"Shekara ɗari ta yi yawa, jikana, uku nake nema," ta ce. "Ka ci abinci, kada ka rame, kada ka gudu garinku, kada ka mutu. Ni ma zan yi ƙoƙari."

Sai ya karɓi farantin da ta turo masa ya fara ci, ita kuma tana lura da yawan lomar.